Orest da Rumfar Bakin Titi

Gari bai gama wayewa ba Orest Danyliuk yake ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa. Ya cusa kwamfutar hannu cikin riga, daidai kan tabon tiyatar da ke ƙirjinsa, don sanyin lardin Saskatchewan na Kanada kan shanye batir nan da nan. Ya naɗe baki da hanci da mayafin ulu, ya kama hanyar da ta tashi daga gidansa zuwa babban titi. Tafiyar minti goma ce ga mai lafiya. Shi ashirin da biyar take ci masa, da tsayawa sau biyu. Shekara ashirin da biyu ina tuƙa motar share ƙanƙara a wannan titin, saboda haka rabin labarin nan da idona na gani, rabi kuma matarsa Darlene ce ta ba ni muna shan kofi.

Orest manomin alkama ne, shekarunsa sittin da takwas, a gidan da aka haife shi yake zaune har yau. Ba mai magana ba ne. In tarakta ta mutu maka a gona, kafin ka gama zaginta za ka ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashinta. In ya gama ya goge hannu a wando, ya tafi, ko godiya ba ya jira.

Bayan girbin bara zuciya ta kayar da shi a gindin rumbu. Aka kai shi asibitin birnin Saskatoon, aka buɗe ƙirji, aka gyara jijiyoyi uku. Likitoci suka ce aiki ya yi kyau, saura ya riƙa tafiya kullum. Ya dawo gida ya zauna a kujerar da ke fuskantar taga, wata uku bai rabu da ita ba. Ya daina aski. Abinci sai an matsa masa. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne tsoro: gani yake in ya yi taku ashirin zuciyar za ta tsaya. Likita ya gaya wa Darlene gaskiya tsirara, cewa in ya ci gaba da wannan zama, kafin lokacin shuka zai dawo musu, kuma ba lallai ya sake fitowa da ƙafarsa ba.

Nas Corazon ta ƙaramin asibitin garinmu ce ta sa shi a wani shiri na intanet, na waɗanda jikinsu ya warke amma suka karaya. Mako takwas ne, minti sha biyar kowace safiya. Wata murya ta koya maka numfashi a hankali, a tambaye ka yadda kake ji daga ɗaya zuwa goma, sannan ka rubuta abu guda da za ka yi a ranar. Orest ya ce shi bai lalace har akwati ya riƙa tambayarsa yadda ya kwana ba. Corazon, wadda ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Baba Orest, ban ce ka so shi ba. Cewa na yi ka gama shi."

Ya miƙa mata hannu, alamar alkawari. Duk wanda ya san shi ya san bai taɓa barin gona rabi a nome ba.

Sai dai gidansu a kwari yake, sabis ba ya sauka can. Wuri ɗaya yake kamawa, a bakin titi, cikin 'yar rumfar katako da ya gina shekara talatin da suka wuce don 'yarsu Tanis ta riƙa jiran bas ɗin makaranta. Makon farko Darlene ke kai shi a mota. Ya zauna kan bencin yara, gwiwa har haɓa, ya danna biyar, a wurin abu guda ya rubuta "ba komai". Kullum haka.

A mako na biyu Darlene ta kira Corazon ta tabbatar babu haɗari in ya rufe baki ya tafi a ƙafa a hankali. Da safe ya same ta zaune da kofi, ko takalmi ba ta sa ba.

"Tsohuwa, mota fa?"

"Tsoho, ƙirjinka aka yanka, ba ƙafa ba."

"In na faɗi a hanya?"

"Ina taga ina kallo. In ka faɗi in zo in kwashe ka. Shekara arba'in ina ɗaukar kayanka."

Ya daɗe tsaye yana kallon ƙofa. Amma ya riga ya ba da hannu. Ya fita. Ranar minti arba'in ya yi a hanya, yana dafa kowane turken shinge, yana sauraren ƙirjinsa. Darlene ta ce min makullin mota na cikin tafin hannunta har ya isa, sai da ya bar mata shaida. Da ya zauna a rumfar ya ji zuciyar na bugawa da ƙarfi, daidai, kamar injin da aka tayar bayan dogon ajiya. Ya danna biyar. Ya dubi tagar rumfar da ta fashe, ya rubuta "gyara gilashi". Tunda ya rubuta, sai ya gyara.

Daga nan abin ya ɗore. Wasa gatari. Shafa wa ƙyauren rumbu mai. Aski. In na wuce da safe sai in ga sawunsa a ƙanƙara, in ga hasken kwamfuta ta sabon gilashi. Na taɓa tsayawa na tambaye shi ko shirin na da amfani. Ya ce surutu ne kawai, matar da ke ciki ba ta taɓa ɗaga buhu ba. Ya koma ya ci gaba da numfashin da take koya masa.

A mako na shida Tanis ta zo daga birni. Ta ga mahaifinta, mai ɗinki a ƙirji, yana takawa cikin sanyi, ta fashe da kuka, ta yi wa uwarta faɗa. Kafin ta koma ta sa an kafa musu farantin tauraron ɗan'adam a rufin gida, intanet ya shiga har kicin. Don ƙauna ta yi.

Kwana uku ban ga sawu ba.

Orest ya koma kujerarsa, kwamfuta a cinya, ɗaki da ɗumi. Ranar farko ya rubuta "gyara shinge", bai fita ba. Rana ta biyu ya sake rubutawa, ya wuni yana kallon shingen ta taga. Bai taɓa faɗin abu ya ƙi yi ba, abin ya dame shi. Darlene na kicin tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke. Rana ta uku aka tambaye shi yadda yake ji, ya danna biyu. Corazon na ganin amsoshin, kafin rana ta yi tsaka ta kira. Ta fara jero masa tambayoyi, ya tare ta.

"Bari, 'yata, na gano. Inji yana aiki, aka canja abu guda ya mutu. Mayar da abin ake yi."

Rana ta huɗu na hango sawu tun daga kwanar titi. Ni ba mai yawan murna ba ne, amma na danna hon sau biyu. Darlene ta ce da ta ga ya fita zama ta yi a ƙasan kicin, sai da ta huta sannan ta ɗora masa ƙwai.

Farantin yana nan, da shi Darlene ke ganin jikoki. Orest ya gaya wa Tanis ya gode, abin yana da kyau, amma shi ofishinsa na bakin titi. Ya gama mako takwas ɗin, a rana ta ƙarshe ya danna shida, Corazon ta ce a wurinsa wannan biki ne. Likita ya duba shi ya ce ya dawo bayan wata shida.

Shirin ya ƙare, tafiyar ba ta ƙare ba. Ganina da shi na ƙarshe a watan Afrilu ne, ƙanƙara ta narke, ina baje titi. Yana durƙushe a rumfar, ba kwamfuta, ya ciro bencin yaran yana kafa wani mai tsawo da faɗin mutum biyu, don Darlene ta fara biyo shi da gwiwarta mai ciwo. Ƙusa uku a bakinsa. Ya ɗaga min guduma, ya juya ya ci gaba da bugawa.