Ranar da Alhaji Ya Ƙosar da Yis

Akwai wata Laraba cikin bazara da ba na mantawa da ita, a gidan burodin Alhaji Sule nan Daura, shekarar da yis ya yi tsada. Ku sababbin shiga ku ji.

Aikin burodi hawa-hawa ne. Akwai mai kwaɓi, akwai mai awo da yanka, sai mai gashi, shi ne babba. Ni mai kwaɓi ne, yis a hannuna yake. Yis kuwa abu ne mai rai, shi ke kumbura burodi.

Da tsadar ta ishe mu, Bilkisu 'yar Alhaji, mai karatun kimiyya, ta ce mu yi kiwon namu. Ta haɗa mini shi a duro, ta ba ni muciya da doka biyu: in yi ta juyawa iska ta shiga, sukari kuma kaɗan-kaɗan. Ta ce in ya sami iska da abinci daidai, numfashi yake yi, ya ci sukarin tas, ya hayayyafa. In aka toshe shi, ko aka cika shi da sukari, sai ya rage numfashi ya koma haɗama, abin da zai fitar kuma giya ce. Na ce to.

Alhaji kuwa kiwon raguna ya yi kafin burodi, daga Mashi yake sayo su ya turke. Ran Talata ya leƙa duron, ya tambaye ni ko rowa nake yi wa dabbarsa. Na faɗa masa doka. Ya ce shi ya haifi mai dokar, kuma bai taɓa ganin ragon da azumi ya sa wa ƙiba ba. Ya juye rabin buhun sukari, ya ce in ci gaba da juyawa.

Na juya. Kumfa ta taso ta wanke mini riga. Washegari duron ya ɗauki wari irin na bayan tasha.

Da azahar na shiga sahu. Na dama ya shaƙa, ya matsa. Na hagu ya shaƙa, bai matsa ba, ya dai dube ni kamar ya ga ɗan'uwa. Kafin la'asar mai unguwa ya aiko, wai ni Ɗanlami ina dafa burkutu a bayan tanda. In maganar ta tabbata aiki ya tafi, unguwar ma sai na bar ta da iyalina.

A gaban mai unguwa da liman, Alhaji ya ce shi dai duro a hannuna yake. Bai yi ƙarya ba. Na ce a kira Bilkisu.

Ta durƙusa ta gaida manya, ta yi bayani. Liman ya ce ko dai juyawar ce ban yi ba. Na buɗe masa tafin hannuna ya ga kantar muciya. Bilkisu ta ce ko da iska, in sukari ya yi yawa yis giya zai yi. Mai unguwa ya tambayi wanda ya zuba. Ta sunkuyar da kai. 'Ya ba ta nuna ubanta a gaban jama'a. Ni ba ubana ba ne, sai na ce wa mai unguwa:

"Ranka ya daɗe, a gidan nan ko shayina bai taɓa ganin sukari cokali biyu ba. Ina zan sami rabin buhu?"

Mai unguwa ya juya. "Alhaji, ashe kai ne ka yi dahuwar."

Alhaji ya ce shi alheri ya yi nufi. Liman ya ce Allah ya ba da lada, amma a tona rami a zubar da alherin. Ni na tona, ni na zubar.

Aikina ya tsira, haƙuri dai ba a ba ni ba. Tun daga ranar, in muka nemi ƙarin sukari a shayi, sai Alhaji ya ce ai mun gani da idonmu abin da ƙoshi ke jawowa.

Ku riƙe biyu. Yis a ba shi iska, a rage masa zaƙi. Mai gida kuwa kada ku bar shi kusa da duro, don in abu ya yi wari, a rigar mai juyawa ake jin sa.