Na Ba Da Aron Sunana Don A Cika 'Yan Tanda

A shekarun da ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Gwandu. Asalina birkila ne. Na yi shekaru ina bin manyan magina, daga baya na yi rajistar kamfani, na buga takardu masu sunansa a sama, aka sassaƙa mini hatimi. Duk aikin da kamfanin ya taɓa yi bai wuce gyaran aji da ginin magudanar ruwa ba. Ba ni da tifa, ba ni da gireda, sai babur ɗaya da dogon buri. Na rubuto ne domin abin ya daɗe yana ci na, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci.

A lokacin aka liƙa sanarwar aikin wata hanyar burji da za ta fitar da ƙauyukan fadama zuwa babban titi, da kwalbati a kan wani rafi da ke cika da damina. Ƙa'idar tanda a fili take: kowane mai so ya rubuta farashinsa, ya rufe a ambulan, ya jefa a akwati mai kwaɗo, ranar buɗewa a karanta a gaban kowa. Ba a ba da aiki sai masu nema sun kai uku, sannan a zaɓi wanda ya fi cancanta. Ban ma yi niyyar nema ba, don na san aikin ya fi ƙarfina.

Sai ga wani abokina da muka yi firamare tare, wanda ke yi wa wani babban Alhaji hidima. Ya ce mini aikin nan an riga an ba mai gidansa tun daga sama, 'yan rakiya kawai ake nema don a cika uku. Nawa shi ne in sa farashi mai tsada in faɗi, Alhaji kuma ba zai manta da ni ba idan ƙananan ayyuka suka fito. Ya ce kada ma in wahalar da kaina da rubutu, in ba shi takardun kamfanina guda uku babu komai a kai, in sa hannu a ƙasa in buga hatimi, akawunsu zai cike. Da ya ga ina shakka, ya yi dariya ya ce duk wanda na gani da mota a sana'ar nan ta wannan ƙofa ya shiga. Na sa hannu na ba shi.

Ranar buɗe akwati sai aka tarar da ambulan huɗu. Na huɗun na wani dattijo ne daga Kalgo, tsohon ɗan kwangila da ya yi rayuwarsa yana gina kwalbati a fadamu. Farashinsa ya fi na kowa sauƙi, kuma ya ƙara da bayani cewa kwalbati mai baki ɗaya ba za ta ɗauki ruwan rafin nan ba, sai mai baki uku. Mai karantawa ya jujjuya takardun, ya ce babu shaidar biyan haraji a ciki, don haka an fitar da shi. Dattijon ya miƙe ya rantse da hannunsa ya sa ta. Gaskiya ya faɗa. Ina zaune kusa da teburin, da idona na ga an zare ta an tura ƙarƙashin wani fayil. Ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya yana neman mai shaida. Da ya zo kaina na sunkuyar da kai. Aka tashi ba a sanar da wanda ya ci ba, ni dai na ɗauka Alhaji ne.

Aikin da aka yi abin kunya ne. An yi hayar gireda ta kankare ƙasa, aka watsa burji sama-sama, kwalbatin kuwa aka zuba ta da siririn rodi da siminti kamar ana yayyafa gishiri a miya. Na wuce ta wurin, na gani, na san ba za ta kai kaka ba, amma na ce ba ruwana. A tsakiyar damina, ranar kasuwa, ta rufta da motar da ta ɗauko mutane da buhunan hatsi. Mutum biyu suka rasu, ɗaya wata Bafulatana mai tallar nono da goyo a gida. Cikin waɗanda suka ji rauni har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babana. Ƙugunsa ya karye, bai sake taka ƙasa ba.

Da aka kafa kwamitin bincike, 'yan sanda ƙofar gidana suka zo. A gaban kwamiti aka shimfiɗa mini takarduna uku. Ta farko neman aiki, ta biyu karɓar aiki, ta uku shaidar na kammala ina neman a biya ni, kowace da sa hannuna da hatimina. A cikin fayil ni ne na ci tanda, sunan Alhaji bai fito ko sau ɗaya ba. Da aka tambaye shi ya ce bai taɓa jin sunana ba. Abokin nawa kuwa aka ce ya yi tafiya kudu. Wata uku na yi a tsare a Birnin Kebbi, matata na sayar da awakinta tana kawo mini abinci, mutanen gari na nuna gidana suna cewa ga wanda ya kashe mutane ya karya kawunsa.

Wanda ya fitar da ni shi ne dattijon nan na Kalgo. Ba wanda ya kira shi. Ya je ya gaya wa kwamiti cewa ya san masu injin da aka yi haya, ya san wanda ya biya su, kuma ni ko baro mai kyau ba ni da shi. Aka sake ni, aka soke rajistata. Daga nan maganar ta mutu. Ba a taɓa wanda ya zare takardar haraji ba, ba a taɓa injiniyan da ya sa hannu cewa aiki ya yi kyau ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da aka tashi sake gina kwalbatin, wani kamfanin Alhajin aka ba, da sababbin 'yan rakiya biyu.

Na je Kalgo yi wa dattijon godiya, na kuma faɗa masa na ga lokacin da aka zare takardarsa. Ya ce ya sani tun ranar. Sannan ya ce, "Ɗana, ba don kai ni je ba, don matar nan da ta mutu ni je. Da ka buɗe baki ranar nan, da wataƙila tana raye." Kawuna kuwa har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai in na shiga gaishe shi ya tambaye ni ko na samu aiki.

Yanzu na koma birkilancina. Ina jin haushin Alhaji da mutanen ofis, kuma ina da hujja, amma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa ni zalunta kawai aka yi. Ba za su iya cin aikin nan su kaɗai ba, sai da suka samu irina. Dokar tanda ba ado ba ce, an yi ta ne don aiki ya je hannun wanda ya iya, kuma duk hanyar da aka ba da ta bayan fage mutane ne za su bi ta kanta. Ƙananan 'yan kwangila, kada ku sa hannu a farar takarda ko da ɗan'uwanku ne ya kawo, kada ku yi wa kowa rakiya. In kuma kun ga an zare takardar wani a gabanku, ku yi magana a lokacin. Ni na yi tawa maganar bayan an binne mutum biyu, ba ta amfani kowa ba.