Duwatsu Uku a Bakin Rami

Mahaifina mai fasa dutse ne. Ƙarfinsa duka a wani dutse da ke kudu da Daura ya ƙarar da shi, da fari yana sassaƙa dutsen niƙa, da injin niƙa ya cika gari sai ya koma fasa tsakuwa yana sayar wa masu tifa. Ni kuwa ban taɓa ɗaga guduma ba. Boko ya sa ni, na zama malamin firamare, kuma da yake ni ne ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Malam," wani lokaci da girmamawa, galibi da tsiya.

Shekara biyu da yanar ido ta makantar da shi, wata Asabar bayan ɗaukewar damina, ya ce in kai shi ya ga wurin aikinsa. Na ce, "Baba, da wane idon?" Ya ce, "Da naka mana, tunda ba abin da kake yi da shi sai kallon waya."

Muka bar babur a gindin dutsen muka hau, ina riƙe da kan sandarsa yana biye. Da muka kai sama na tsaya baki buɗe. Ramin da suka yi shekaru suna ci ya cika da ruwa kore shar, kuma daga inda muke zuwa ruwan ya fi tsawon bene hawa biyu. Tsuntsaye na shawagi a ƙasanmu. Can gaba ga gonakin gero an girbe, shanu sun bazu a cikin kara. Nan take na ƙudura sai na kai shi bakin ramin na ɗauke shi hoto, in tura wa ƙannena a Kano su san ni ne mai kula da tsoho.

A kan hanyarmu akwai wasu duwatsu uku da aka ɗora kan juna. Na sa ƙafa na ture su gefe don kada ya yi tuntuɓe, har ina jin daɗin hankalina.

Mun yi taku kamar goma a kan wani falalen dutse sai ya zare sandar daga hannuna ya ƙwanƙwasa ƙasa, yadda ya saba. Tun daga ƙasa dutsen ƙwas-ƙwas yake amsa masa. A nan sai ya amsa da wata irin ƙara mai zurfi, kamar an bugi randar da ba ruwa. Ya sake bugawa. Sannan ya kira sunana.

Ina da shekara arba'in ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Na tsaya cak tun kafin in san dalili.

"Kada ka motsa," ya ce a hankali. "Ba ka ga duwatsu uku a hanya ba?"

"Na gani, Baba. Na kawar maka da su."

Sannan ya gaya min, cikin muryar da yake tambayar ko an kai wa tumaki ruwa, cewa idan aka hura wa dutse wuta don ya tsage, ɓawonsa na sama yakan rabu amma ya ƙi faɗuwa, sai ya maƙale yana jiran ranarsa. Wanda ya hura wutar shi ke ɗora duwatsu uku, kuma ko makaho ya zo sandarsa za ta same su. Sai a lokacin na lura da baƙin hayaƙi ƙarƙashin takalmina. Na waiwaya, ga tsaga a bayanmu wadda hannu zai shige, mun ƙetare ta ina can ina kallon shanu.

"Cire takalmi, ka kwanta, ka ja ciki ka koma inda ka fito. Kada ka taɓa ni."

"Baba, ba zan bar ka a nan ba."

"Motsin mutum biyu lokaci guda shi yake jira. 'Ya'yanka ƙanana ne. Tafi."

Na tafi. Na so a ce na sake yi masa musu ko sau ɗaya ne, amma ban yi ba, tsoro ya riga ya gama da ni. Ina jan ciki ina jin zafin dutsen a ƙirjina, da na zo kan tsagar na ji yashi na zuba a cikinta, wata tsakuwa ta gangara, sai da aka jima na ji ta faɗa ruwa.

Daga can na juyo ina kallonsa, tsoho cikin farar riga shi kaɗai a bakin rami. Ya fara tahowa, sai ya ƙwanƙwasa ya saurara kafin ya ajiye ƙafa. Bai miƙo kai tsaye ba. Har ya karkata wajen ramin, na ƙwala masa kira, ya ce, "Yi min shiru, Malam, ina saurare." Na toshe bakina da hannu, duk addu'ar da na kamo sai ta kuɓuce min a tsakiya. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, na dai san rigata ta jiƙe sharkaf kafin sandarsa ta sami tsagar ya tsallako.

Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi in miƙo masa duwatsun, ya durƙusa ya laluba ya ɗora su inda suke. Na ukun sau biyu yana zamewa kafin ya zauna.

Da muka isa gida Inna ta tare mu da ruwa, ta tambaye shi yadda ya sami wurin. Na sunkuyar da kai ina jiran tonon asiri.

"Yana nan yadda na bar shi," ya ce. "Malam ya riƙe ni da kyau."

Ya yi shekara huɗu bayan haka kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai gaya wa kowa ba, bai kuma sake kiran sunana ba.