Malam Mannir Ɗanmaliki da Wayar da Aka "Gyara"

Da an idar da Asuba, Malam Mannir Ɗanmaliki zai sha kokonsa, ya ɗaure naɗin waya mai ruwan toka a bayan babur, ya rataya jakar da ke da abin matse waya da gwangwanin kawunan roba, ya fita. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haɗa wayar da ke sa kwamfutoci su ji juna a ofisoshi da makarantun Tambuwal har Kebbe. Cikin kowace waya akwai siraran wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa. Zai fere, ya warware, ya jera kowace a gurbinta, ya datse su kai ɗaya, ya cusa cikin kan roba, ya matse. Ɗaya ta kauce, aikin duka ya tashi a banza.

To, abin haushi, har yau rabin garin ba su san sana'arsa ba. Wannan ya kawo masa tocila, wancan rediyo. In ya yini a cikin silin yana zufa har abu ya tashi, sai ka ji ma'aikata na murna, wai netwok ya dawo, sai ka ce kasuwa ya je. A Jabo kuwa, wayar da ya shimfiɗa ranar Litinin, ranar Laraba ya same ta an yanki kamu huɗu an ɗaure akuya.

Amma wanda ya fi ci mana rai shi ne na bara, a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Tambuwal. Akwai ƙaramin ɗaki mai kwamfuta goma sha biyu, wanda tsohon akwatinsa na rarraba waya ke haɗe da na babban zaure. Tsofaffin akwatunan nan ba sa jin juna sai da wayar da masu sana'ar ke kira kuros, wadda ake musanya lemo da kore a kai ɗaya da gangan. Malam Mannir ya haɗa ta, ya gwada, ya tafi gida.

Da ma an fara tsegumin cewa idonsa ya yi rauni, kuma gaskiya ne. Da yammacin jajiberin jarrabawa, Attahiru mai gyaran lantarkin cibiyar ya ɗaga wayar, ya ga launukan kawunan biyu ba su zo ɗaya ba. Bai tambayi kowa ba. Ya datse kai guda, ya jera shi daidai da ɗan'uwansa, ya matse da abin matsin da ke durowar ofis, yana jin ya rufa wa tsoho asiri.

Da safe netwok ɗin ƙaramin ɗakin ya mutu murus. Cikin yaran da ke zaune akwai Hamdiya Lauwali, wadda ta taso daga Kebbe a bayan babur tun duku-duku, gyalenta duk jar ƙasa. Aikin jinya take son karantawa, kuma in zaman nan ya wuce ta sai baɗi. Jami'in jarrabawa ya duba agogo ya ce minti ashirin zai bayar, daga nan ya rufe ɗakin. Hamdiya ta kifa kai a tebur tana kuka.

Aka kira Malam Mannir. Yana shafa kan wayar ya ɗago.

"Wa yat taɓa wayag ga?"

"Ni na, Baba," in ji Attahiru. "Na ga kawunan sun saɓa, nac ce ko ido na."

"Ido na? Kai, Attahiru! Akwati biyu ka magana da juna. Dole bakin wanga shi faɗa kunnen wancan. Kai ko ka haɗa baki da baki, wa za shi ji wani? Matsa min!"

Ya datse, ya fere. A hasken ɗakin nan kore da shuɗi sun zame masa abu guda, kowa ya ga yadda yake kai wayar kusa da fuska. Sai ya daina duba. Ya bi su da yatsa, domin kowane launi da irin tsaurin murɗinsa, kuma yatsun nan sun san su tun kafin a haifi Hamdiya. Ya jera, ya matse, ya soka. Fitilun akwati suka kama ƙyaftawa, saura minti shida.

Kun san me ya biyo baya? Aka tafa wa mai cibiyar. Shi kuwa Malam Mannir ya share zufa da hularsa, ya tattara guntayen waya don kada wani ya taka, ya hau babur. Ko ruwa ba wanda ya miƙa masa. Wallahi abin kunya ne gare mu duka.

A watan nan likita ya ce wa Malam Mannir ya ajiye aikin saboda idon. Kai ne, Malam Mannir, ka shiga silin da ƙadangare ma ke gudu, ka fito ba ka zagi kowa ba. Kai ne aka yi wa kallon mai kuskure a kan abin da ka fi kowa sani, kuma washegari ka zaunar da Attahiru ka koya masa jerin launukan har ya iya. Gwani, mun gode. Allah Ya ba idonka lafiya, Ya saka maka da alherin da muka yi ƙyashin furtawa.

Ku kuma matasa, ku je ku zauna gabansa tun yana iya nuna muku, ku koyi yin aiki yadda yake yi, ko da mai kallo ko babu. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku sa almakashi.

Hamdiya ta ci jarrabawarta, yanzu tana shekarar farko a makarantar jinya a Sakkwato. Da aka tambaye ta labarin ranar, cewa ta yi wani tsoho ne ya zo ya taɓa waya. Hamdiya, tsohon nan yana da suna, kuma gidansa na bayan tashar Tambuwal. In kin zo hutu, ki je ki gaishe shi tun yana iya ganin fuskarki.