Garmaho a Ragaya

Tukur ɗan Yelwa mutumin wani ƙauye ne a bayan Kafin Hausa, can cikin fadama, inda kogin Haɗeja kan manta hanyarsa duk damina ya bi ta tsakar gidajen mutane ba ko sallama. Kakanninsa makiyaya ne, ubansa ne ya ajiye sanda ya ɗauki fartanya ya kama noman shinkafa. An haifi Tukur ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu su tafi, kuma in ka tambayi uwarsa Yelwa za ta ce maka a kan gado ta haife shi, gadon a kan duwatsu, ruwa na wucewa ta ƙarƙashi da 'yan kifayensa.

A gidansu ba abin da ake ajiyewa a ƙasa sai tsintsiya da abin da aka raina. Hatsi yana rumbu bisa duwatsu, ƙorai suna ragaya a jikin jinka, gishiri a ragaya, allo a ragaya, takalmin Sallah ma a ragaya. Yelwa ce kuma mai ajiyar ƙauyen. Duk matar da za ta yi tafiya wurinta take kawo kayanta, ita kuwa ta rataye, har ɗakinta ya koma sai ka duƙa za ka ratsa shi. Ba a taɓa jin an ba ta abu ya dawo da ko tabo ba. Da wannan tarbiyya Tukur ya tashi: ƙasa maƙiyiya ce, sama ita ce amana. Har daga baya da ya zama malamin makaranta a Kaugama, in ka shiga ajinsa za ka tarar da kwalin alli yana lilo a saman allo, yara suna tsalle kafin su kai gare shi.

Shekarar da gwamnati ta tashi haiƙan neman malaman firamare, aka kwashi samari kamar ana kwasar fara aka zuba a kwalejojin horon malamai. Tukur ya faɗa wata a Haɗeja. Ɗalibai sun fi ɗakunan kwana yawa, don haka aka fitar da bokitai da tsintsiyoyi daga wani ɗan sito da ke ƙarshen baranda, aka cusa gado mai hawa biyu, aka ce ɗaki ne. Ɗaki kam! In ka buɗe ƙofa sai ta bugi gado. In mutum ɗaya zai sa wando, sai ɗayan ya hau katifa ya naɗe ƙafa. Silin babu, daga kanka sai kwano. Tukur yana shiga, kafin ya ce wa kowa sannu, ya wurga akwatinsa a gadon sama.

Na ƙasa ya faɗa wa Istifanus, ɗan Kagoro, wanda ubansa ke aikin jirgin ƙasa a Malam Madori. Dogo ne mai son dariya, Hausarsa ta fi ta Tukur santsi, kuma tun ranar farko ya laƙaba masa Ɗan Fadama. Tukur ya ji haushi kwana biyu, daga nan ya fara amsawa.

A zango na biyu Istifanus ya dawo da kaya nannaɗe cikin bargo. Ya tura ƙofa, ya warware: garmaho ne mai batir, mai murfi kamar ƙaramin akwati, da lasifika biyu, da 'yan faya-fayai cikin takardunsu. Dokar kwaleji kuwa ta hana ko rediyo, balle wannan mai baki biyu. Tukur ya ce a fitar masa da akwatin shaiɗan daga ɗaki kafin a kore su tare. Sai Istifanus ya zauna ya ba shi labari, kuma ranar bai yi dariya ba.

Garmahon na wansa ne, Bitrus, soja, wanda ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, sai akwatinsa aka kawo. A cikin faya-fayan akwai wani mai jar takarda a tsakiya, kiɗan mutanen Kudu mai kakaki da jita, wanda Bitrus ke sawa kullum in ya zo hutu. Uwarsu, Dibora, in ta sa shi sai ta wuni tana kuka, har tuwo ya ƙone. Uban ya gaji, ya rantse ko a fitar da abin daga gidansa ko ya ɗora shi a kan dogo jirgin Nguru ya bi ta kai. Shi ne ta ba Istifanus a ɓoye. Sharaɗinta ɗaya: duk farkon damina, lokacin da aka kawo musu labarin rasuwar, ya kawo mata ta ji faifan nan mai ja, sannan ya mayar.

Tukur ya sauko ya fara auna ɗakin da ido.

Matsalar ita ce Malam Shu'ibu, malamin da ke kula da ɗakunan kwana, mai zagayen bincike duk safiyar Asabar da 'yar sandarsa yana zungurar katifu. Mutum ne da in ka ɓoye ƙuli-ƙuli a cikin safa sai ya jiyo. Amma Allah Ya jarabce shi da ƙin warin kifi. Yelwa kuwa ba ta fasa aiko wa ɗanta buhun banda ba. Sai garmaho ya koma kwana a tsakiyar buhu, kifi sama kifi ƙasa. Lasifika ɗaya ta shige bokiti aka tula mata wanki. Ɗayar kuma Tukur ya lulluɓe da darduma ya zauna a kai da carbi a hannu, ido a lumshe. Malam Shu'ibu ya leƙo, wari ya mare shi, ya ga bawan Allah yana lazimi da hantsi, ya ce Allah Ya yi albarka, ya ja ƙofa. Har a taron safe ya yi misali da Tukur, ya ce sauran ɗalibai su yi koyi.

Ranar Lahadi da rana, in Malam ya tafi gonarsa, sai su toshe ƙasan ƙofa da tsumma, su rufa wa lasifika bargo, su sa kiɗa ƙasa-ƙasa. Tukur ba ya jin ko kalma ɗaya a cikin waƙoƙin, kuma duk faifan da ya ƙare sai ya yi istigfari, sannan ya ce a juya ɗaya gefen. Mai ja ne kaɗai ba sa taɓawa.

Da hutun Ista ya zo, Istifanus zai bi iyayensa Kagoro, jirgi sannan mota, uban yana zaune kusa da kaya. Ba halin ɗaukar garmaho. Ya riga Tukur tafiya, ya bar masa komai, ya ce: "Ɗan Fadama, amana ce. Sauran ko sun fashe ba komai, amma ban da mai ja."

Kai, ranar Tukur ya ji kansa ya kumbura. Amana, a hannun ɗan Yelwa! Gida dai ba zai kai ba, don in ubansa ya ga abin sai ya tara liman da dattawa. Ya dubi ƙasan ɗaki ya ga gara ta fara gini a lungu. Ya dubi ƙofa ya tuna ruwan farko kan zo ba shiri ya kwararo ta baranda. Ya tuna kuma masu shara za su shigo a lokacin hutu, buhun kifi kuwa ya ƙare. To ina? Shi da aka haifa a kan duwatsu ai ba tambaya ba ce. Ya sayo igiya a kasuwa ya zauna ya saƙa ragaya irin ta uwarsa, mai kyau, mai ƙulli a kan ƙulli. Ya hau gadon sama, ya taka kan bango, ya rataye garmaho da lasifika a wani lungu mai duhu a bayan katakon rufi. Faya-fayan kuwa, da yake sun fi komai daraja, su ya ɗora a can ƙololuwa, har suna gogar kwano. Ya sauko ya kaɗe hannu yana yaba wa kansa.

Wanda ya san Haɗeja a watan Afrilu ya san abin da rana ke yi wa kwano. A gidan su Tukur rufin ciyawa ne, sama ita ce wuri mafi sanyi a ɗaki. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai saman da ke dafa abu.

Ya riga kowa dawowa daga hutu, don ya sauke amana ya goge. Ruwa bai taɓa ba, gara ba ta taɓa ba, ɓarawo bai gani ba. Garmaho lafiya lau, sai ɗumi. Da ya zaro faifan farko daga takarda, sai ya ga ɓarna. Faifan ya lanƙwashe kamar bandar tarwaɗa. Na biyu haka, na uku haka. Ya zaro mai ja. Shi bai kai sauran ba, amma gefe ɗaya ya ɗaga, in ka ajiye shi a kan akwati sai ya yi ta rangaji.

Maimakon ya zauna ya yi kukansa kamar mutumin kirki, sai ya ce zai gyara. Abin da zafi ya lanƙwasa, in ji shi, zafi ne zai miƙar. Ya hura gawayi a dutsen gugar ɗalibai, ya shimfiɗa hankici a kan faifai ɗaya, ya danna. Faifai da hankici da dutsen guga suka zama abu guda, ɗaki ya turnuƙe da warin ƙonanniyar taya. Har ƙarshen zangon, duk wanda ya goge farar rigarsa da dutsen nan sai ya fita da baƙin tambari a gadon baya, ana ta zagin wanda ba a sani ba. Allah Ya taimaka bai fara da mai ja ba. Shi sai ya sa shi tsakanin littattafai ya zauna a kai wuni guda, ya tashi ya tarar da shi yadda yake.

Istifanus ya iso da tsarabarsa yana waƙa tun daga baranda. Tukur ya jera masa komai a kan katifa ya koma jikin ƙofa ya tsaya. Istifanus ya ɗauki mai ja ya daɗe yana juya shi, ya ɗaga kai ya ga ragaya tana lilo. Ya tambaya me ya kai su can. Tukur ya ce a garinsu ruwa ne ke cin kaya.

"Ruwa," in ji Istifanus. "A watan Afrilu."

Bai zage shi ba, kuma da ya zage shi da ya fi sauƙi. Ɗakin da mutum biyu ba sa iya juyawa sai sun gogi juna, suka zauna a ciki makonni ba mai ce wa wani uffan. Ɗan Fadama ma aka daina. Tukur ya rame, tuwon kwaleji da dā yake lashe kwano ya koma tura wa na kusa. Kunya ce ke cinsa, da tausayin matar da bai taɓa gani ba. Da aka yi ruwan farko, Istifanus ya yi magana daga gadon ƙasa, bai ko ɗago ba: Asabar za su Malam Madori tare, kuma Tukur ne zai ɗora allurar garmaho a kan mai ja da hannunsa.

Suka nemi izini da sunan gaida mara lafiya, suka hau motar kasuwa da garmaho a cikin buhu. Uban yana tasha wurin aiki. Dibora 'yar ƙaramar mace ce mai furfura a goshi. Ta ba su ruwa, ta ce wa Tukur ɗana, ta ce ta sha jin labarinsa, har ta gode masa da riƙon amana. Tukur ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce a bari sai ta ji abinta tukuna. Ta gyara ɗankwali ta zauna a bakin gado, hannu biyu a cinya.

Ya ɗora faifai, ya sauke allura. Allura ta kama hawa da sauka. Kakaki ya taso kamar jaki ya hango ɗan'uwansa, mawaƙin kuma ya ja murya sama, ya faɗo, ya yi gurnani, ya sake hawa inda ba a aike shi ba. Istifanus ya juya wa ɗakin baya ya kalli taga. Tukur ya sunkuyar da kai yana jiran kuka.

Dibora ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna girgiza. Sai da sautin ya kufce mata suka gane dariya ce. Ta yi ta yi har ta dafa bango.

"Wannan ai Bitrus ne," ta ce. "Haka yake kashe waƙar nan. Yana wanka yana yi, maƙwabta suna buga mana bango. A coci ma roƙonsa aka yi ya dinga motsa baki kawai."

Istifanus ya juyo a hankali. Ta share ido da bayan hannu, amma hawayen bai tsaya ba, dariyar kuma ta tafi.

"Shekara da shekaru ina sa shi, mutumin nan mai daɗin murya yana rufe mini ta ɗana. Na ɗauka na manta ta ke nan."

Faifai ya kai ƙarshe, allura tana ta ƙarce tsakiya ba wanda ya motsa. Tukur ya ce, Mama, shi ne ya ɓata faifan, shi ya rataye shi a jikin kwano. Ba ta ko dube shi ba, idonta yana kan garmahon.

"To, ɗana, tunda kai ka iya, sake sa mini."