Kifayen Bilki da Magen Gidanmu

'Yan'uwa, yau saura ƙiris a kai magenmu daji kan laifin da ba ta yi ba!

Jiya 'yata Bilki ta zo daga Birnin Kudu da ɗan akwatin gilashi na kiwon kifi, an zuba yashi a ƙasansa. Ta zaɓo wasu siraran kifaye masu gashin baki, wai su ne daidai da ƙaramin wuri. Da safe muka leƙa. Ruwa zalla, ba kifi!

Bilki ta ce, "Umma, wallahi magen nan ce!"

Babanta ya ce, "Miƙo min buhu."

Har an cusa ta ciki tana kuka. Ni dai yashin nake kallo. Sai na tuna rafin Dingaya da rani, ni da marigayiya Yaya Laraba, mun tattare zani muna laluben kifi a yashi. Na tura hannu cikin yashin akwatin a hankali. Wani abu ya yi min cakulkuli a tafi, sak irin na da! Sai ga su suna wutsil-wutsil!

Na ce, "Malam, don Allah a sake ta."

Ya kwance buhu, ya ce, "To, fito da hannun mana."

Na ce, "Ɗan bar ni tukuna."