Ladan Matse da Fijon Oga Fidelis

Duk mai mota a Zuru ya san garejin nan na ƙarƙashin mangwaro a Rikoto, ya kuma san mai shi. Sunansa Ladan, amma in ka ce Ladan kawai, mai kiran salla za a nuna maka. Sai ka ce Ladan Matse. Aikinsa kafireta, abin nan da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Kawo masa motar da ke zuƙar mai kamar raƙumi, ya kara kunne a jikin inji, ya murɗa nan, ya sake ɗan bakin da mai ke fita, wanda bakanikai ke kira jet, sai ka ga mota ta koma shan mai kamar mai azumin nafila. Tun da fetur ya yi tsada layi bai yanke a garejinsa ba.

Matsewar kuwa ba a gareji ta tsaya ba. Mu maƙwabta ta katanga muke jin labari. In matarsa Bushira za ta zuba manja a miya, sai ka ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Baban Bilki, miya ce ba kafireta ba," in ji ta. "Koma ga motocinka."

Yana saurayi ya baro gonar ubansa a Dabai ya zo koyon aiki wurin Oga Fidelis, wani bakanike Inyamuri da ya tsufa a Zuru har yana jin C'lela, yaren ƙasar, fiye da wasu 'yan gari. Fidelis na yawan cewa inji kamar mutum yake: ya ci da yawa ya yi kasala, a hana shi ci ya yi zazzaɓi. Ladan ya riƙe rabin farko gam, rabin ƙarshe ya bar shi a ƙarƙashin mangwaro. Da ƙarfi ya ƙare wa Fidelis zai koma gida kudu, sai ya miƙa wa Ladan makullin farar Fijonsa.

"Wannan mota bai taɓa gudu iyakar gudunsa ba," ya ce da irin Hausarsa. "Ni tsoro ya hana ni. Kai ka gwada shi wata rana, ka ba ni labari."

Labarin bai samu ba, don Fidelis ya rasu bayan 'yan shekaru. Fijo kuwa ta zama 'yar lelen Ladan. Injinta tun daga kamfani ba a taɓa buɗe shi ba, kuma wannan ne abin alfaharinsa a duniya, ya fi faɗinsa a kan aikin Hajjin da yake ta niyya. Yakan tuƙa ta a hankali har masu keke su yi masa sallama su wuce. Tankinta bai san abin da ya wuce galan ɗaya ba. Allurar mai ta daɗe kwance a kan ja har muna zaton can aka haife ta.

To, a 'yan shekarun nan samari da direbobi suka ƙirƙiro wasa. Ran Lahadi da la'asar, bayan an taso coci an ci abinci, sai su tafi wani miƙaƙƙen fili bayan Dabai, su tsayar da mutane a kowane gefe, motoci biyu su jera, a saki hula, wanda ya riga kai ga bishiyar ɗorawa shi ya ci. Gajeren tsere ne, kafin ka gama hamma an gama. Cikinsu akwai Joel, direban da ke jigilar fasinja zuwa Bena, mutum mai iyali amma bakinsa bai girma ba. Shi ya dawo daga Kaduna da wata shuɗiyar kwalba mai kama da tulun gas, da tiyo da ƙananan jet a leda. Sunan iskar da ke ciki naitoros. In aka fesa wa inji ita, wutar cikinsa takan ninka, mota ta zabura kamar an tsikare ta.

"Baba Ladan," ya ce, "tawa motar ta 'yan kwamfuta ce, ba ta karɓar wannan. Ga amaryarka nan tana tsufa a ɗaka. Ko dai gaskiya ne abin da anka ce, ba ta da giya ta huɗu?"

"Wa yac ce?"

"Duk gari. An ce kunkuru ya taɓa yi muku hon."

Ladan ya kore shi da tsumman mai. Amma ran nan ya kasa cin tuwo da daɗi. Ba zolayar Joel ce ta dame shi ba, ya saba da bakin mutane. Maganar Fidelis ce ta dawo masa. Ga furfura ta cika masa gemu, ido ya soma neman tabarau, ita kuma Fijo, in ya mutu, 'yan gwangwan za su yanka ta ba wanda ya san iyakarta. Sai dai in injin nan ya fashe fa? Shi ke nan abin da Oga ya bari ya tafi. Ya yi kwanaki yana zagaya motar kamar mai zagaya rijiya, sannan ya aika a kira Joel.

Aikin ya zo masa a bai-bai. Ita wannan iska, in ta shiga, dole fetur ya bi ta da yawa. In fetur ya gaza, wutar takan yi zafin da za ta narka ƙarfe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rage wa motoci abinci, yau an ce ya ɗura. Ya ɗauki ƙaramin jet na mai, ya juya shi a tafin hannu, ya ajiye. Ya ɗauki babba, ya yi tsaki, ya ɗaura. Ya cire famfon mai na asali ya sa na lantarki mai ƙarfi. Ya ja da lokacin wuta baya kaɗan, ya sa sababbin fulogi masu jure zafi. Ya zare tiyon mai ya kunna famfo a cikin gwangwani don ya ga yadda mai ke zuwa, fetur ya feso kamar an ɓalle famfon masallaci. Ladan ya runtse ido.

"Baba, kuka kake?" in ji Joel.

"Hayaƙi na. Riƙe gwangwanin da kyau, kada ɗigo shi zuba ƙasa."

Abin da ya taru a gwangwani, sai da ya mayar da shi tanki.

Ranar tseren Bushira ta ga ya ɗauko galan ɗinsa na kullum, ya zuba, ya girgiza shi har ɗigon ƙarshe.

"Shi ke nan abin da za ka ba ta? Yau fa aiki za ta yi."

"Daga nan zuwa ɗorawa? Ko kofi biyu ba ta sha. Mi za a yi da tanki cike, a ƙara mata nauyi?"

Ta ɗaga kafaɗa ta koma ciki. Lissafinsa kuwa daidai ne, galan ɗaya ya isa tseren har da dawowa gida. Wurin da bai kai tunaninsa ba daban ne.

Joel ne ya zauna a sitiyari, don Ladan ya ce ƙafarsa ba ta san hanyar ƙasan totur ba. Suka jera da wata jar Golf ta wani Aaron mai sayar da taya. Jama'a na ta dariya, wani ya ce a kawo wa tsohuwa sanda. Aka saki hula.

Fijo ta tashi da nishi, Golf ta ba ta tazara. Sai Joel ya danna maɓallin kwalba. Wallahi wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Gaban motar ya ɗaga, salansar hayaƙi ta yi wata kuwwa da ba a taɓa ji daga bakinta ba, ta kamo Golf, ta shafa gefenta, ta wuce. Dariya ta koma ihu. Ladan na tsaye riƙe da hularsa a ƙirji, bakinsa na motsi, Allah kaɗai ya san ko addu'a yake ko da Fidelis yake magana.

Kafin ɗorawa aka ji tau! kamar bindigar maharba. Farin hayaƙi ya turnuƙe, Fijo ta gangara gefe a hankali ta tsaya, Golf ta wuce abinta.

Joel ya fito lafiya, yana tari. "Baba, ban yi komai ba! Tana cikin tafiya sai na ji ta yi shaƙuwa."

Ladan ya nufi bayan motar. Kalmar shaƙuwar nan ta ishe shi. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa tanki, ya ji shi fayau kamar ganga. A gareji mota na tsaye, ɗan man na kwance a bakin bututun da famfo ke zuƙa. Da ta zabura, sai man ya kwashe gaba ɗaya ya koma bayan tanki, famfo ya zuƙi iska. Kwalba na ta fesa wuta, fetur bai zo ba. Da tankin cike yake, da ba inda man zai gudu.

Da igiya aka jawo ta Rikoto, motar Joel a gaba. Yara ba su bi su da waƙa ba, mu ma da muke da baki muka adana shi.

Washegari ya kwance injin da hannunsa, karo na farko tun da aka ƙera shi. Fistin ɗaya, ƙarfen nan da wuta ke turawa a cikin inji, ya huje a tsakiya, ramin ya isa ɗan yatsa. Ya daɗe yana leƙen sararin sama ta cikinsa. Bushira ta kawo masa kunu ta tsaya.

"Ka yi haƙuri, Baban Bilki."

"Oga ya gaya mini," ya ce. "Yac ce in an hana shi ci zazzaɓi yakai. Na sa babban jet, na sa babban famfo, na buɗe mata baki, sannan na ba ta kwano wayam." Ya ajiye fistin. "Amma kin san ta wuce jar motar nan?"

"Duk unguwa ta sani. Sha kununka."

Gyaran ya ci watanni, don kayan Fijo yanzu sai an tona. Kwalbar ya mayar wa Joel, ya ce ya ga abin da yake son gani. Hujajjen fistin yana nan kan teburin gareji. Har gobe yana matse wa mutane kafireta, abincinsa ke nan, amma in direba ya nace a ƙara matsewa, sai ya tura masa fistin ɗin gabansa ba tare da ya ɗago kai ba.

Ranar da injin ya sake tashi, ya ce wa Bushira ta sa mayafi ta shigo gaba. Suka nufi gidan mai. Mai ba da man ya ɗauko bututu yana murmushi, don ya san cinikin.

"Baba, na kullum?"

Ladan ya girgiza kai. "Cika ta."

Sai da mutumin ya kira abokin aikinsa ya zo ya zama shaida. Allurar mai ta yi ta rawa kafin ta tuna hanyar sama. Ladan ya tayar da mota, ya hau titi, ya kama gudunsa na da, wani mai keke ya yi musu sallama ya wuce.

"To yanzu da anka cika ta, ba ka ɗan taka ba?" in ji Bushira.

"Na san abin da ta iya," ya ce. "Ita ma ta sani."